Kuɗin kujera ba shi ne dukan kuɗin Hajji ba

 

Kowace shekara muna haɗa kuɗi mu biya ma tsohonmu kujerar Makka, mu ce mun gama. Ba mu gama ba. Abin da ajans ke ɗauka shi ne jirgi, biza, masauki da motar zuwa Mina da Arfa. Saura yana kanmu.

Tun a gida ake soma kashewa: paspor, hotuna, allurar sanƙarau da ta shawara, kuɗin mota zuwa Yamai. In jirgi ya yi jinkiri, tsoho zai kwana ya ci abinci da kuɗin aljihunsa.

Babbar magana ita ce hadaya. Wanda ya yi Tamattu'i ko Ƙirani, yanka ya hau kansa. Mai Ifradi babu. Wani ajans yana sa ta cikin kuɗin kujera, wani ba ya sawa. Mu tambaya kahin mu biya, a rubuta mana a takarda, don maganar baki ba ta zuwa Mina. Wanda ya rasa, azumin kwana 10 ne, 3 a can, 7 bayan ya komo. Malamanmu na nan, su ne za su ƙara bayani. Mu dai lissahi muke koyarwa a lakkol. Amma ku duba dattijo mai shekara 70 da azumi cikin zahin Makka.

Akwai mai tura keke wajen ɗawahi da sa'ayi in ƙahwa ta gaza, akwai aski, akwai kuɗin waya. Duk da riyal ake biya, riyal kuwa dala ta Amurka yake bi: 3,75 ga dala guda. In dala ta hau, jikkarmu ta ragu. Waɗanda suka ga karyewar sehwa a 1994 sun san haka.

Sai tsaraba. Nan ne kunya ke cinye guzuri: tazbaha, dabino, darduma, kowa da nasa, sannan kilo ya wuce a hilin jirgi a sake biya. Mu da muka rage gida, mu daina aika saƙo.

Shawararmu ga ƙungiya: a raba guzuri ƙulli uku, na hadaya, na ci da lahiya, na tsaraba. Na ukun kada a kwance shi sai an gama jifa. A kuma bar ma iyali hatsin wata biyu a rumbu kahin ranar rakiya.