Ginin Gidaje: Sana'a Ce, Kuma Sadaka Ce Mai Gudana

 

An ba ni dama in yi magana kan sana'a a wannan taro na ƙungiyarmu, sai na zaɓi gini. Ba mu manta da daminar 2024 ba. Jihar Maradi na cikin waɗanda ambaliya ta fi yi wa ɓarna, ɗakunan laka da yawa suka zube, iyalai suka koma kwana cikin makarantu. A birni kuwa, wanda ya taɓa neman ɗakin haya a Maradi ko Yamai ya san kuɗin haya ya fi ƙarfin talaka. To, wa zai gina wa talaka gida mai ƙwari da sauƙin kuɗi?

Akwai waɗanda suka riga mu. A 2016, Mariam Issoufou Kamara, ƴar Nijar mai zanen gine-gine, ita da abokan aikinta suka kammala gidaje shida a haɗe cikin fili guda, ana kiran su Niamey 2000. Da bulon ƙasa da ake matsewa da na'ura suka yi su. Kun ga hikimar: kuɗin fili ya rabu gida shida, siminti ya ragu, ɗaki kuma ya fi na bulon siminti da kwano sanyi lokacin bazara, kowane iyali da tsakar gidansa da suturarsa. Tun wajen 1980 kuma ake koya wa maginan ƙasar nan gini ba da itace ba, rufin laka mai tulluwa, ba azara, ba kwano. Mu da itace ke ƙaranci a yankin Dakoro, ai wannan ilimi namu ne.

Kada ka raina kanka don kai ɗan makarantar allo ne. Falke Barmu, maginin gargajiya da ya gina masallacin Yama a jihar Tawa, aikinsa ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Kai kuma ɗan boko, akwai fannin gini a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi. Sana'ar tana son magini, mai awon fili, mai lissafin kuɗi da mai bin takardun fili a ofishin magajin gari.

Sai dai wallahi amana ce. Wanda ya rage siminti a tushen gini ya sa kuɗin aljihu, da ran mutane yake wasa.

Ina ba ƙungiyarmu shawara biyu. Ta farko, kafin damina mu yi gayya, mu gyara indararo da yaɓen ɗakunan tsofaffi da zawarawa masu marayu a nan Ɗan Gulbi. Ta biyu, mu roƙi masu hali su ba da fili wakafi, kamar yadda Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. A rubuta da shaidu, a gina ɗakuna, rabi a ba marasa ƙarfi, rabi a sa haya kuɗin ya riƙa gyaran gidan.

Allah Ya ba mu iko, Ya sa albarka.