Kafin Mu Sayi Iri da Kuɗin Asusu

  

Damina ta matso, kuma kun san a irin wannan lokaci ne ake yawan neman rance daga akwati, domin iri da taki da maganin feshi. Kuɗin nan kuwa ba na mutum ɗaya ba ne. Ribar ƙuli-ƙulin wannan ce, da ta daddawar waccan, da ta mai awara. Idan iri ya ƙi, bashi ba ya yafuwa. Akuya ce za ta tafi kasuwa, ko kuma ranar rabo kowa ta ga kasonta ya ragu.

Duk mai sayar da iri, ko a kasuwar Samaru ko a Sabon Gari, zai ce miki nasa mai juriya ne. To, yau ina so mu koyi yi wa wannan magana tambaya uku: juriyar me? Wa ya gwada? An gwada a irin gonata? Sannan mu ga yadda za mu amsa ta ukun da hannunmu.

Abin da ake yi a Samaru

Mu nan mun yi dace, domin inda ake wannan gwaji yana bakin ƙofarmu. Tun 1922 aka kafa gonar bincike a Samaru, kuma a 1962 ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ita ce Cibiyar Binciken Aikin Gona da ake kira IAR. Masara, dawa, wake, gyaɗa da auduga duk suna cikin abin da take kula da shi. Idan kika ga sunan iri ya fara da SAM, daga Samaru ke nan: SAMPEA wake ne, SAMNUT gyaɗa, SAMMAZ masara, SAMSORG dawa. Lambar da ke biye ita ce take bambanta wani da wani, kamar yadda ake bambanta Ladi da Talatu a gida ɗaya.

Yaya suke gane mai juriya? Ba ɓoye iri suke yi daga cuta ba. Kai shi suke yi inda cutar take. Za a jera iri-iri masu yawa kunya-kunya, a sa wanda aka san rago ne a tsakaninsu, sannan a kawo ƙwaron ko cutar da gangan. Idan ragon ya kwanta, an tabbata cutar ta zo da ƙarfinta. Wanda ya tsaya a gefensa, shi ake ɗauka. Daga nan sai a maimaita shekara da shekara, a Samaru da wasu wurare kamar Kadawa da Minjibir a jihar Kano, sannan a kai gonakin manoma. Sai wani kwamiti na ƙasa da ke zama a Ibadan ya duba sakamakon ya yarda, kafin iri ya fita da suna.

Abokan gaba uku

Na farko, kuturtar gyaɗa. Iyayenmu da ke nan sun san labarin 1975, shekarar da cutar nan ta cinye gyaɗa wajen hekta 700,000 a Arewa. Tana cikin abubuwan da suka karya noman gyaɗa, bayan an saba ganin dalar gyaɗa a Kano. Darɓa ce ke yaɗa ta, waɗannan 'yan ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye. Gyaɗa sai ta tsugune, ganye ya murɗe ya yi rawaya, a tona ba komai. A wajen gwaji, shuka mai cutar ake dasawa a tsakanin kunyoyi, a saki darɓa a kai. An fara samun juriyar ne a jikin gyaɗar gargajiya ta wajen Burkina Faso da Kwaddibuwa, amma tana daɗewa ba ta nuna ba. Aikin shekaru ne ya kai mu ga irin su SAMNUT 24, wadda ta fito a 2011, tana jure kuturta kuma tana nuna cikin kamar wata 3.

Na biyu, ƙuduji, wanda wasu ke ce wa wuta-wuta. A ƙarƙashin ƙasa yake kama saiwa yana tsotsa, kafin ki gan shi a sama ya riga ya yi ɓarna. 'Ya'yansa kamar ƙura suke, tushe ɗaya yana zubar da dubbai, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10. Na dawa da masara daban, na wake daban. Masu bincike sukan gauraya 'ya'yansa da yashi su zuba a ramin shuka, daga baya su ƙirga nawa ya fito a gindin kowane iri. Da haka aka tabbatar da SAMPEA 10, wanda ya fito a 2008 da haɗin gwiwar cibiyar IITA mai reshe a Kano. Juriyarsa ta samo asali ne daga wani waken gargajiya na ƙasar Botswana. Ku lura da wannan: gyaɗar da waken duka, daga hannun ƙananan manoma irinmu aka samo ƙarfinsu. Saboda haka kada sabon iri ya sa a zubar da na kakanni.

Na uku, tsutsar wake, wadda ke shiga fure ta huda kwanso. Ita kam an bincika dubban irin wake ba a sami mai tsaya mata sosai ba. Sai aka ɗauko wata ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa, mai kashe irin wannan tsutsa, aka sa wa wake. An fara gwada shi a killataccen fili a Samaru a 2009, ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, kuma a 2019 hukumomi suka amince, ya fito da sunan SAMPEA 20-T. Masu binciken sun ce feshi 2 ya ishe shi, maimakon 6 zuwa 8 da aka saba. Na faɗa muku yadda aka samar da shi ne domin hakkinku ne ku sani. Akwai masu maraba da irin wannan iri, akwai masu ɗari-ɗari da shi. Wadda ta ga za ta shuka ta shuka da saninta, wadda ba ta so ba dole.

Juriya ba laya ba ce

Iyayena, nan ne ake yawan ruɗewa. Irin da ya jure abu ɗaya bai jure komai da komai ba. SAMPEA 20-T yana maganin tsutsa, amma ƙwarin da ke tsotsar kwanso suna nan, shi ya sa feshi biyun ya zama dole. Haka nan bai hana ƙwaro cin wake a buhu ba, wannan aikin buhun PICS ne mai ledoji biyu a ciki, ko jarka mai rufuwa ruf. Ƙudujin wake ma dangi-dangi ne, wanda ke wannan yanki ba lallai ya zama shi ke wancan ba, har iri ya tsaya a nan ya faɗi a can.

Ban da haka, gonar bincike ba gonarki ba ce. Can akwai taki a kan kari, akwai ma'aikata. Ke kuwa wataƙila fegin da maigida ya yanka miki ne a gefen gona, inda ƙasa ta gaji. Malaman Samaru sun yi nasu. Tambayar da ta rage, wato ko zai yi a gonata, mu ne za mu amsa ta. Gani ya kori ji.

Gwajinmu na bana

Mu ɗauki wake, tunda shi yawancinmu ke shukawa, kuma sai ƙarshen Yuli zuwa Agusta ake shuka shi a nan, muna da lokacin shiri. Wadda ta fi son gyaɗa, hanyar ɗaya ce, sai dai ta fara da wuri.

Mata uku za su ba da wuri, a gonaki uku daban. Me ya sa uku? Domin gona ɗaya tana iya yin ƙarya. Akuya ta shiga, ko ruwa ya kwanta, sai a ɗora wa iri laifin da ba nasa ba. Idan gona uku suka faɗi magana ɗaya, an sami shaida. A zaɓi wurin da aka san matsalar tana fitowa. Idan ƙuduji muke gudu, inda ya yi yawa bara za mu je, kamar dai yadda ake yi a Samaru.

A kowace gona a ja kunya 10, tsawon kowace taku 10. Biyar sabon iri, biyar irin da muka saba, kafaɗa da kafaɗa. Kada a ba sabon wajen juji a bar namu a kan tsakuwa. A kafa turke a ɗaura jan ƙyalle a na sabon, fari a namu, domin wadda ba ta karatu ma ta gane. A shuka rana ɗaya, tazara ɗaya, ƙwaya nawa-nawa a rami ɗaya. Firi da maimai rana ɗaya. Duk abin da aka yi wa wannan a yi wa wancan, kamar 'yan biyu. Idan SAMPEA 20-T ake gwadawa, feshi 2 ga kowanne, domin idan aka yi ta feshi ba za a ga bambancin ba.

Maganar feshi kuma, mai ciki da mai goyo da yara ba su da hurumi a ciki. Mai feshi ya rufe hanci da jiki, ya yi wanka bayan ya gama. Kwalbar magani ba ta komawa ta mai ko ta ruwa.

Sai ƙirga. Duk mako biyu, mata biyu su je tare, ɗaya na dubawa ɗaya na lissafi. Ba sai da biro ba: gwangwani biyu da tsakuwa sun isa, a kawo wa sakatariya ta rubuta a bayan littafin asusu. Bayan kwana 10 da shuka, a ƙirga ramin da bai tsiro ba. Idan wake ya fara fure, a duba tushe 20 a kowane ɓangare, nawa ke da ƙuduji a gindi. Idan ya yi kwanso, a tsinko 20 ba tare da zaɓe ba, a ɓare, nawa ke da huji ko tsutsa. A rubuta ranar da kowanne ya isa roro.

Da kaka a yi roro daban, a shanya daban, a auna da mudu ɗaya a gaban kowa. Amma mudu ba shi ne ƙarshen magana ba. Mu ne masu tukunya. A jiƙa, a ga wanne ya fi saurin sakin ɓawo, wanne ya fi tashi a ƙosai, wanne ya fi kama alale, wanne ya fi saurin dahuwa, domin itace ma kuɗi ne. A duba harawa, tunda wake mai saurin nuna sau da yawa harawarsa ba ta kai ta na gida ba, ga shi muna da awaki. A ɗebi kaɗan a nuna wa masu awo a kasuwa a ji farashin kowanne. A ce sabon ya ba da mudu 9 namu ya ba da 6, amma namu ya fi tsada kuma ya fi harawa, to sai an zauna an yi lissafi, a haɗa da kuɗin iri da na feshi. Wata za ta ga gara ta raba gonarta biyu, kuma wannan ma dabara ce.

Wajen sayen irin gwaji

Gwaji ba shi da amfani idan irin da aka sayo ba shi ba ne. Waken awo da aka zuba a leda ba iri ba ne, ko da an shafa masa kala. A nemi ƙulli rufaffe mai ɗauke da sunan iri da lambarsa, da sunan kamfani, da tambarin hukumar iri ta ƙasa, NASC. A je sashen iri na IAR, ko a bi ta hannun malamin gona, ko dillalin da aka sani wanda zai ba da rasit. Ƙulli ƙarami ya ishi gona ukun. Kafin ranar shuka, a nannaɗe ƙwaya 20 a jiƙaƙƙen tsumma, bayan kwana 5 zuwa 7 a ga nawa suka tsiro. Idan da yawa sun ƙi, a mayar da shi tun da rasit na hannu.

Irin da aka shafa wa magani guba ne. Ba a dafawa, ba a ba kaji, a ajiye nesa da yara. Wake da gyaɗa ana iya ajiye irinsu a sake shukawa na 'yan shekaru idan ba a bari sun gauraya ba. Masara mai aure kuwa, wadda ake kira haibirid, sai an sayi sabuwa kowace shekara. Mai cin bashi ta san wannan tun kafin ta sa hannu.

Abin da za mu yanke yau

Shawarata ita ce kada wata ta ci babban bashi bana a kan irin da ba mu taɓa gani a ƙasarmu ba. Mu haɗa ɗan kuɗi, kowa ta sa daidai, mu sayi ƙulli ɗaya. Idan ya ƙi, asarar ba ta kai ta hana kowa barci ba. Idan ya yi, baɗi za mu saya a dunƙule, da ƙarfin gwiwa, wataƙila har da ragi.

Kafin a rufe akwati, Shugaba, ina roƙon a tsayar da abu huɗu: wace matsala ce ta fi damunmu, ƙuduji ko tsutsa ko kuturta, su wane ne mata ukun da za su ba da wuri, kuma su sanar da mazajensu tun yanzu don kada a nome turakun, su wa za su riƙa ƙirga, sannan wa za ta raka ma'aji sayen iri. Inna da ke can baya, ku da kuka ga damina fiye da tamu, muna so ku fara faɗa mana wane waken gida ne ya fi cancanta a jera da baƙon.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana amfaninmu, Ya sa mu biya bashi cikin rufin asiri.