Ciwon Sukari: Jawabi Ga 'Yan Ajin Yaƙi Da Jahilci

Yau zancenmu a kan ciwon sukari ne.

A dā ana ce masa ciwon masu kuɗi. Yanzu kuwa ya shigo ƙauye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 masu shi sun kai miliyan 200. A 2022 sun kai miliyan 830.

Ga yadda yake. In mutum ya ci tuwo ko shinkafa, abincin yakan zama sukari ya shiga jini. A bayan tumbi akwai wata gaɓa mai fid da wani ruwa, sunansa insulin. Shi ke shigar da sukarin nan cikin tsoka, mutum ya sami ƙarfi. In ruwan ya gaza, sai sukari ya taru a jini, ya yi ta ɓarna a ɓoye.

Alamunsa su ne yawan ƙishirwa, da yawan fitsari da dare, da kasala, da rama ko da mutum yana ci, da gani dishi-dishi, da miki mai ƙin warkewa. Wani ma yakan shekara da shi bai sani ba. In an ƙyale shi, yakan makantar da ido, ya lalata ƙoda, har a yanke ƙafa.

Me ya sa ya yawaita? Kakanninmu sukan taka da ƙafa zuwa kasuwar Shuwarin. Mu kuwa sai babur. Ga shayi cike da sukari, ga lemon kwalba. Ƙiba tana jawo shi, yana kuma bin jini.

To, ga abin yi. Ku rage sukari a shayi da fura. Ku yawaita wake, da zogale, da miyar ganye. Dabinon Dutse ma, mai ciwon ya ci kaɗan. Kada ya yi yawo ba takalmi, don ƙaya ɗaya ta isa ta jawo gyambo. Kafin azumi, ya shawarci likita.

Wanda ya ga alama, ya je Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko na Birnin Kudu, ko asibitin da ke kusa. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a auna. In an ba ka magani, kada ka bari don ka ji sauƙi.

Kun iya karatu yanzu. Kowa ya karanta wa mutanen gidansa wannan shafi yau da dare. Allah ya ba mu lafiya.