Lafiyar Ma'aikaci a Jami'a: a Wuyan Wa Ta Ke?

Laccar da ma'aikacin watsa labarai ya yi wa uwayen ƙasa da malamansu a garin Illela

 

An umurce ni in yi muku bayani a kan lafiyar ma'aikata a jami'a, da waɗanda nauyin tsare ta ya ke bisa wuyansu. Na sani wani zai ce a ransa, ina ruwan Illela da wannan magana, ga Sakkwato can kudu, sai an wuce Gwadabawa da Kware kafin a kai? Amsa ita ce, jami'a ba malamai da ɗalibai kaɗai ke cikinta ba. Akwai masu gadi, da masu shara, da direbobi, da magina, da masu dafa abinci, da masu kiwon dabbobin gwaji, da masu wanke kwalabe a ɗakin bincike. Irin waɗannan ma'aikata daga gundumomi su ke fitowa, kuma in ɗayansu ya ji rauni ko ya rasu, iyalinsa ba ofishin shugaban jami'a su ke fara zuwa ba. Ƙofar uban ƙasarsu su ke zuwa. Saboda haka ya kamata ku san abin da doka ta ba su, tun kafin su zo.

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa cikin 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, aka sake mata suna cikin 1988, gari guda ce. Tana da sashen koyon likitanci, da na likitancin dabbobi, da na aikin gona, da ɗakunan haɗa magunguna, da injunan wuta, da motoci, da gine-gine waɗanda kullum a ke ƙarawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da irin nasa hatsari. Mai shiga ya ga shuke-shuke da mutane riƙe da littattafai sai ya zaci wurin hutawa ne, alhali kuwa akwai ɗakin da a ke ajiye ƙwayoyin cuta da gangan, don a san halinsu.

Bari in ba ku labarin abin da ya taɓa faruwa, domin asalinsa daga ƙasarmu ne. Cikin watan Janairu na 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a garin Lassa, cikin ƙasar Barno. Aka ɗauke ta zuwa asibitin Mishan a Jos, ta rasu. Wadda ta yi jinyarta ita ma ta kamu, ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, aka kai ta Amurka, Allah ya yi da sauran kwananta, ta warke. Aka aika da jinin waɗannan mata zuwa Jami'ar Yale, inda masana suka gano ƙwayar cutar, suka sa mata sunan garin Lassa. Babban masanin da ke aikin, Jordi Casals, ya kamu, da ƙyar aka cece shi da ruwan jinin ita Lily Pinneo. Kafin shekarar ta ƙare sai wani ƙaramin ma'aikaci na ɗakunan binciken, mai suna Juan Roman, ya kamu ya mutu, ga shi kuwa ba shi cikin masu aiki da ƙwayar. Daga nan jami'ar ta dakatar da aikin, aka mai da shi wani wuri da aka gina musamman don irin wannan. A Jos kuwa, likita Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawar wanda cutar ta kashe, ita ma ta rasu cikin Fabrairu na 1970.

Ku dubi wanda ya mutu a Yale. Masanin ya san abin da ya ke taɓawa, da ya ji zazzaɓi aka gane abin da ke damunsa, aka yi masa magani. Ƙaramin ma'aikacin shi ne ya tafi. Wanda ya fi kowa kusa da hatsari a wurin aiki sau da yawa shi ne wanda ba a gaya wa kome ba: mai kwashe shara daga ɗakin gwaji, mai wanke rigunan likitoci, mai binne mushen dabba. Ba shi da karatun da zai karanta gargaɗin da aka manna da Turanci a jikin ƙofa, yana kuma jin nauyin tambaya.

To, a wuyan wa abin ya ke? A wuyan wanda ya ɗauki ma'aikaci aiki. A jami'a, watau majalisar da ke gudanar da ita da shugabanta, daga nan nauyin ya sauko kan shugabannin sassa, har ya iso kan helman da ke raba wa leburori aiki da safe. Su ne za su bayyana wa ma'aikaci hatsarin aikinsa da harshen da ya ke ji. Su ne za su ba shi safar hannu, da takalmin roba, da abin rufe hanci, ba da kuɗinsa ba. Su ne za su ajiye abin kashe gobara mai aiki, su bar ƙofar fita a buɗe, su gyara wayar wuta kafin ta yi ɓarna, su tanadi ruwan sha da inuwa ga mai aikin rana, domin kun san zafin bazara a ƙasar nan ya kan wuce awo 40. Shi kuma ma'aikaci nasa shi ne ya sa abin da aka ba shi, ya bi yadda aka koya masa, in ya ga abin da zai cuci wani ya faɗa. Na san akwai masu karɓar takalmin aiki su ajiye shi don ran kasuwa. Wannan kam ku ne za ku yi musu faɗa, sun fi jin maganarku da ta kowane Bature ko ɗan boko.

Ba mu kaɗai mu ke kan wannan ra'ayi ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya a kansa cikin 1981, Nijeriya ta sa hannu ta karɓa cikin 1994, kuma cikin 2022 ƙungiyar ta sa lafiyayyen wurin aiki cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikaci. Akwai kuma Dokar Masana'antu ta 1987, amma ita, kamar yadda sunanta ya nuna, don masana'antu aka tsara ta.

Dokar da na fi so ku riƙe ita ce Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987. Ga yadda ta ke. Kowane mai ɗaukar ma'aikata, ko gwamnati ce ko kamfani, zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da ya ke biya kowane wata cikin wani asusu, wanda hukumar NSITF ke riƙe da shi. Doka ta hana a yanki wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. In ma'aikaci ya ji rauni, ko ya nakasa, ko ya kamu da cuta ta dalilin aikinsa, ko ya rasu, daga asusun nan za a biya magani da diyya, ba sai ya tsaya gaban alƙali yana ƙoƙarin tabbatar da laifin maigidansa ba. Wanda ya rasu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye waɗanda ke dogara gare shi, doka ta yanka musu kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata.

Akwai wurare uku cikin dokar da mutane ba su sani ba, har su kan yi hasara. Na farko, ba ma'aikacin dindindin kaɗai ta shafa ba, har da na wucin gadi, da mai aikin rana-rana, da mai koyon sana'a. Na biyu, hatsarin da ya sami mutum a hanya tsakanin gidansa da wurin aikinsa yana cikin lissafi. Wanda ya san hanyar da ke tsakanin birnin Sakkwato da mazaunin jami'a na Dundaye, da yadda ambaliyar 2010 ta yanke ta, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Na uku, dokar ta ambaci kurumta da ƙarar inji ke jawowa, ta kuma ambaci damuwar zuciya da ta taɓa lafiyar mutum saboda wani mummunan abu da ya same shi a bakin aiki, in likita ya tabbatar. Haka kuma ba a yarda a sa ma'aikaci ya yi yarjejeniyar yafe diyyarsa ba. Ko ya dangwala yatsa a takarda, takardar banza ce.

Yanzu na zo kanku, malamai, domin a hannunku abin ya kan gyaru ko ya lalace. Dokar nan tana da wa'adi. Ma'aikaci, ko magajinsa in ya rasu, zai sanar da wanda ya ɗauke shi aiki cikin kwana 14. Shi kuma mai aikin zai kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7, in rasuwa ce kuwa nan take. Takardar neman diyya tilas ta shiga cikin shekara 1, ko da ya ke a kan yi sassauci har shekara 3 in akwai uzuri mai ƙarfi. Ku auna wannan da al'adarmu. An yi rasuwa, an yi zaman makoki, mata ta shiga takaba wata 4 da kwana 10, dangi suna jin kunyar tayar da maganar kuɗi, sai bayan an raba gado wani ya tuna. A lokacin kwana 14 sun daɗe da wucewa, waɗanda suka ga abin da idonsu sun watse, helman ya koma wani wuri. Don haka ran da labari ya iso gunduma, ran nan za ku buɗe littafi. Ku rubuta cikakken sunan mutumin yadda ya ke a takardar aikinsa, da rana da sa'a, da wurin da abin ya faru, da irin aikin da ya ke yi lokacin, da sunayen shaidu, da asibitin da aka kai shi. Ku rubuta wasiƙar sanarwa kwafi biyu, a kai ɗaya, a sa hannu a kan ɗayar a dawo da ita. Kada ku ƙara gishiri, kada ku rage. Wasiƙar da aka cika da zargi ta fi wuyar wucewa bisa ga wadda ta faɗi abin da ya auku kurum.

Tambaya guda ku riƙa yi wa duk yaron da ya zo sallama zai tafi aiki: wane ne ya ɗauke ka? Shara da gadi da gini yanzu a wurare da yawa 'yan kwangila a ke ba. Yaro zai ce muku yana aiki a jami'a, alhali sunansa yana cikin littafin ɗan kwangila, ko ma ba ya cikin littafin kowa. Ya san sunan kamfanin, ya san ofishinsa, ya riƙe wata shaida ko da katin aiki ne. Wannan bai tsaya ga jami'a ba. Babbar hanyar da aka ƙaddamar da aikinta cikin 2024, wadda za ta tashi daga nan Illela zuwa Badagry, leburorinta ma dokar nan ta shafe su.

Wani dattijo zai ce abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Haka ne, ba mai musu. Amma ban taɓa ganin Bafillacen da ya bar garkensa ba shinge don ya dogara ga ƙaddara ba. Diyyar nan kuwa ba roƙo ba ce, ba kuma ƙarar maigida ba ce. Kuɗi ne da aka riga aka tara saboda ranar, marayu ke da shi.

Sauran magana guda, wadda ta shafi garin nan kai tsaye. Karar Illela tana karɓar dabbobi daga Birnin Ƙwanni da abin da ke bayanta, kuma likitocin dabbobi da ɗalibansu su kan bi kara da mahauta don ɗibar jini da duba nama. Ciwon saifa, da bakkale, da tarin fuka na shanu, da haukan kare, duk suna tsallakawa daga dabba zuwa mutum. Cikin Yuli na 2023 gwamnati ta tabbatar da ɓullar saifa a wata gona a Suleja. In waɗannan baƙi sun zo, wurin aikinsu a ƙasarku ya ke, saboda haka ku ma kuna da rabo cikin nauyin. Ku sa sarkin fawa da sarkin kara su ba su mai riƙe musu dabba, da ruwa da sabulu. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko ta baya, kada a feɗe ta, kada a ja ta cikin kasuwa. A tsare wurin, a kira malamin dabbobi.

In kun koma gida, ina roƙonku ku tara dagatai da masu unguwa ku karanta musu wannan takarda, kowane malami kuma ya keɓe shafi cikin littafinsa don sunayen mutanen gundumar da ke aikin albashi a waje, da sunan wanda ya ɗauke su. Mai tambaya kuwa, ranku ya daɗe, ga ni nan har a yi kiran azahar.