Hoton Unguwa Daga Sama: Amfaninsa Da Abin Lura

Yau za mu yi magana ne a kan taswira, wato zanen gari da ke nuna hanyoyi, da gidaje, da kasuwa, da asibiti.

A da, galibi gwamnati da manyan kamfanoni ne ke yin taswira. A shekarar 2004 aka kafa wata a intanet mai suna OpenStreetMap, wadda kowa ke iya ƙara abin da ya sani a ciki. To, yaya mutum zai zana unguwa bai ganta daga sama ba? Nan ne hoto ya shigo. Ana tayar da ɗan ƙaramin jirgi marar matuƙi mai ɗauke da kyamara, ya yi ta kai da komo yana ɗaukar hotuna, sannan a harhaɗa su a kwamfuta su zama hoto guda. Masu ɗauka sukan zuba su a wani rumbu mai suna OpenAerialMap, inda kowa ke ɗiba kyauta.

Wata za ta ce, ina ruwana, ni da ko ƙofar gida ban cika leƙawa ba? Uwar gida, da ruwanki. A Darussalam ta ƙasar Tanzaniya, daga 2015 ɗalibai da mazauna unguwanni suka yi amfani da irin waɗannan hotuna suka zana magudanan ruwa, aka gane inda ambaliya ke ci kowace damina. A Makoko ta Legas, inda aka kafa gidaje a kan ruwa, an yi irin wannan aiki a 2019, har da 'yan mata cikin waɗanda aka koya wa tuƙa jirgin. A nan Arewa ma, hotunan tauraron ɗan'adam sun taimaka wa masu rigakafin shan inna gano ƙauyuka da rugage da ake tsallakewa. Wurin da ba ya cikin taswira, sau da yawa taimako kan wuce shi.

Sai dai hoto ba ya magana. Zai nuna rijiya, amma ba zai ce ta ƙafe ba. Ba zai nuna lungun da mota ba ta shiga in naƙuda ta tashi da dare ba. Wannan ke kika sani. In an zo aikin taswira unguwarku, ki faɗa wa maigida ko yaronki ya isar.

Ga kuma abin lura. Katanga na kare mu daga idon mai wucewa, amma ba ta rufe sama. Hoton ƙaramin jirgi yana fita tar, har tabarma da shanya a tsakar gida ana iya gani, kuma in ya hau intanet kowa na iya kallo. Saboda haka haƙƙinmu ne a nemi izini ta hannun mai unguwa, a faɗi rana da lokaci don mata su kimtsa, a kuma bayyana inda hoton zai tafi. Ku tuna wa mazajenku su yi waɗannan tambayoyi tun kafin jirgi ya tashi.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a gaida yara.