Warin da Mai Shi Kaɗai Ke Ji



Hancin ɗan Adam yana da saurin sabo. Wanda ya shiga ɗakin da aka turara da turaren wuta, ƙamshin zai tare shi tun daga bakin ƙofa, bayan ɗan lokaci kuma ya daina jinsa alhali hayaƙin yana nan. Shi ya sa mutum ba ya iya zama alƙalin warin jikinsa. Fuska tana da madubi, amma numfashin bakinka sai dai wani ya ba ka labari. Yawancinmu wannan bai dame mu ba: mu yi wanka, mu yi asuwaki, mu kama harkokinmu. Akwai kuwa waɗanda wannan rashin tabbas ya hana sakat, kuma su ne batunmu na yau. Abin da nake son kafa hujja a kai shi ne, ciwonsu a cikin shakka yake zaune, saboda haka duk taimakon da aka auna ga jiki, ko sabulu ne ko turare ko rantsuwar cewa babu komai, ƙara wa ciwon ƙarfi yake yi, komai kyawun niyyar mai taimakon.

Cutar waswasi, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da OCD, tana kama kusan mutum 2 cikin 100 a tsawon rayuwa. Ƙafafu biyu gare ta: tunanin da ke kutsowa ba a gayyace shi ba, da aikin da mutum ke maimaitawa don ya samu sauƙinsa. Wari yana shiga cikinta ta ƙofa biyu. Wani a waje yake zargin warin, ya tashi tsakar dare sau da yawa yana shinshinar tukunyar gas, ko ya sake wanke rigar da aka wanke don yana ganin akwai zarni a jikinta. Wani kuma a jikinsa yake zarginsa, baki ko hammata ko al'aura ko tusa. Wannan na biyun William Pryse-Phillips ya yi masa suna a 1971, kuma likitocin Japan sun daɗe da saninsa a cikin nau'o'in tsoron cutar da jama'a da jikin mutum. Kundin cututtuka na 11 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, ya ware masa lamba tasa, 6B22, ya ajiye shi a gida ɗaya da cutar waswasi, wadda ke da 6B20.

Mu ɗauki ɗalibi a aji. Ya yi wanka sau biyu kafin ya fito, dasashinsa har jini yake yi saboda goge baki, akwai kanumfari a aljihunsa da ƙaramar kwalbar turare. Ya zaɓi kujerar baya kusa da taga. Na kusa da shi ya sosa hanci, wata ta yi tari, malami ya ce a kunna fanka. A wurin kowa zafi ne da ƙurar hunturu ko mura, a wurinsa kuwa shaidu uku ne suka tsaya. Ya rufe baki da tafin hannu ya hura ya shinshina, bai ji komai ba, sai ya ce ai hancina ne ya saba. Idan kuwa ya ji wani abu, to magana ta tabbata. Ku lura da tarkon: ko ya ji ko bai ji ba, hukuncin ɗaya ne. Ya koma gida ya tambayi mahaifiyarsa, ta ce wallahi ba ta jin komai. Hankalinsa ya kwanta na rabin awa, sannan wani tunani ya taso: ai uwa ba za ta faɗa ba. Kuma a nan yana da 'yar gaskiya, don a tarbiyyarmu kara da kunya ba sa barin a dubi idon mutum a ce masa yana wari. Abin da ya sani game da kyawun halin mutanensa shi ne yake rushe shaidarsu. Kowace tambaya da kowane wanka suna ba da sauƙi na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwa kuma ta koyi cewa da ba a yi ba da an kunyata, sai buƙatar ta dawo da ƙarfi, kamar susar ƙazuwa.

Wani zai ce, to idan da gaske yana warin fa? Tambaya ce mai kyau, kuma likitan da ya tsallake ta ya yi ganganci. Ciwon dasashi, ruɓaɓɓen haƙori, dattin bayan harshe da ciwon hanci duk suna kawo warin baki na gaske, har akwai na'urar da ke auna iskar da ƙwayoyin cuta ke fitarwa a baki. Akwai wata cutar gado da ba ta da yawa, wadda hanta ke kasa sarrafa wani sinadari, gumi da fitsari su riƙa ƙarnin kifi, kuma tana zuwa tana tafiya, ta yadda a ranar ganin likita ba lallai a ji ta ba. Wasu masu farfaɗiya suna jin ƙauri kafin ta kayar da su, sannan annobar korona ta bar mutane da yawa suna jin warin da babu shi. Don haka bincike wajibi ne. Amma sau ɗaya, cikakke. Abin da ke raba su shi ne yadda mutum ya karɓi sakamakon: mai ciwon dasashi idan aka yi masa magani ya wuce wurin, mai waswasi kuwa idan aka ce lafiyarsa ƙalau sai ya nemi wani likitan. A 1990 Iwu da Akpata, likitocin haƙori a Jami'ar Benin, sun wallafa bayanin mutum 32 da suka zo da kukan warin bakin da ba a same shi ba. Wannan ya isa ya nuna abin ba na Turawa ko Japanawa kaɗai ba ne, kuma ɗakin likitan haƙori yana cikin wuraren da irin waɗannan mutane suke fara zuwa.

Wani kuma zai ce ai tsafta ce, kuma mu mutanen turare ne, amarya da humrarta, magidanci da almiskinsa ranar Juma'a. Gaskiya ne, sai dai mai son ƙamshi yana shafa turare ya shiga cikin mutane, shi kuwa wannan yana shafawa ya kasa shiga. A binciken da Katharine Phillips da William Menard suka wallafa a Amurka a 2011 kan mutum 20, ciwon ya fi farawa ne a shekarun balaga, sama da rabinsu sun taɓa tunanin kashe kansu, kusan ɗaya cikin uku kuma ya gwada. Mutum 20 ba su da yawa, kuma masu zuwa asibiti su ne waɗanda abin ya fi tsananta a kansu, amma ba a kiran abin da ke kai mutum nan da sunan tsafta.

Ƙalubalen da ya fi nauyi daga likitocin ƙwaƙwalwa yake zuwa. Mai waswasi na asali yakan san tsoronsa ya wuce kima, alhali mafi yawan mutanen wancan binciken sun yi imani ɗari bisa ɗari cewa suna wari, da yawa ma suka ce suna jinsa da hancinsu. Shin wannan ba ruɗani ba ne irin na taɓin hankali? An daɗe ana ajiye shi a can. Ni dai ina ganin masu kundin 2022 sun fi dacewa, domin ƙarfin imanin yana hawa yana sauka, har a cikin cutar waswasin kanta akwai masu cikakken imani da tsoronsu, kuma abin da ba ya canjawa shi ne zagayen nan na zargi, dubawa, ɗan sauƙi, sabon zargi. Malamanmu na fiƙihu sun gane wannan zagaye tun tuni. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya hana mai kokwanton fitar iska barin sallarsa sai da shaidar sauti ko wari, sannan Malikawa suka yi wa wanda shakka ta aure shi, wato mustankihi, hukunci na daban: ya yi watsi da shakkar ya ci gaba. Ba su ce ya ƙara bincike ba, duk da a mazhabar shakka tana warware alwalar wanda ba shi da wannan larura.

Maganin zamani a kan wannan turba yake. Tun 1966 Victor Meyer ya nuna a Landan cewa idan aka sa mai waswasi ya fuskanci abin tsoronsa aka hana shi aikin da ya saba, fargabar takan tashi sannan ta sauka da kanta. Ga ɗalibinmu, ma'anarsa ya yi wanka sau ɗaya, ya bar kanumfarin a gida, ya zauna a tsakiyar aji, ya yi magana da mutum gaba da gaba ba tare da kare baki ba, mataki-mataki tare da ƙwararre. Ana haɗawa da magunguna irin su fluoxetine ko clomipramine, waɗanda a cutar waswasi sukan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga amfaninsu, abin da ke sa mutane da yawa su watsar da wuri. Shaidar aikinsu a kan waswasin wari ta fi dogara ga rahotannin marasa lafiya ɗaiɗaiku da ƙananan rukuni, amma inda ta nuna ke nan.

Aiki mafi wuya yana kan iyali da likitan haƙori. Uwar da ake tambaya sau goma a yini za ta ji kamar rashin tausayi ne ta ƙi amsawa. Abin da ake koya mata shi ne ta yi yarjejeniya da ɗanta tun hankalinsa yana kwance, ta yadda idan tambayar ta zo za ta ce, "Ɗana, mun riga mun yi wannan maganar, na san abin yana damunka, zo mu ci abinci." Likitan haƙori kuma, idan ya duba bai ga komai ba, kada ya wanke haƙoran ko ya rubuta ruwan kurkure baki don kawai ya sallami mutum, domin takardar maganin za ta zama hujja a hannun ciwon. Ya gaya masa ya yarda wahalar da yake sha gaskiya ce, ya tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin cutar da kansa, sannan ya rubuta masa takarda zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ya kuma sa masa ranar dawowa don ya ji ko ya je.