Neman Duwatsu Masu Daraja A Rafukanmu: Jawabi Ga Dattawa Da 'Yan'uwa Na Batsari Da Safana

 

Abin da ya sa muka roƙi a ba mu wannan lokaci yana nan bisa tebur. Wani koren dutse ne, bai kai ƙwan zabuwa ba. Wani yaronmu ne ya kawo mana shi bayan damina, a ƙulle cikin tsumma, ya ce a cikin tsakuwar rafi ya tsince shi. Ya ga hoton irinsa a waya, an ce masa sunansa jed, kuma mutanen Sin suna sayensa da tsadar gaske. Har wani baƙo ya yi masa tayi, amma da sharaɗin ya fara ba da kuɗin da za a kai dutsen Legas a auna. Yaron ya sayar da tunkiyar mahaifiyarsa ya ba shi. Yau wata na huɗu ke nan wayar baƙon a kashe take.

Bari mu fara da dutsen kansa, domin ba ƙarya ba ne, akwai shi a duniya. Jed iri biyu ne, kuma dukansu suna da tauri da nauyi, ba sa fashewa da sauƙi. Mutanen Sin sun yi dubban shekaru suna sassaƙa shi. A yankin Hotan da ke yammacin ƙasarsu, a cikin kogi ake tsintarsa bayan ruwa ya janye, kamar yadda yaranmu suke bin rafi. A ƙasar Japan akwai gari mai suna Itoigawa, inda koguna ke gangaro da shi daga tsaunuka zuwa bakin teku. Iyali sukan fita ran hutu, uba da uwa da yara, su yi ta juya tsakuwa. Wani sai ya wuni bai samu ko ɗaya ba, ya koma gida yana dariya, domin ba da shi zai ci tuwo ba. A 2016 masanan ƙasar suka zaɓi jed a matsayin dutsen ƙasa. Abin da ya fi burge mu shi ne akwai gidan tarihi a garin inda masana kan duba abin da mutum ya tsinto su gaya masa gaskiyarsa. A can cikin kwazazzabon da dutsen yake fitowa kuwa, doka ta hana ɗauka.

Ga kuma ƙasar Myanmar, wadda muka sani da Bama, inda kakanninmu suka je yaƙi. Daga can jed mafi tsada yake fitowa, a wani wuri mai suna Hpakant. Manyan kamfanoni su haƙa, su tara ƙasar da suka zubar ta zama tsauni, talakawa kuma su hau suna tsintar abin da ya saura. Ran 2 ga Yuli 2020, bayan ruwan sama mai yawa, ƙasar ta zaftare ta binne mutum fiye da 170. A Nuwamba 2015 ma irin haka ta ci fiye da mutum 100. Dutse ɗaya ne da na Japan. Amma can ɗin masu nishaɗi ne, nan kuwa yunwa ce ta kai su.

Wanne ne ya fi kama da mu? Ba sai mun faɗa ba. Yaranmu ba marmari ne ya kai su rafi ba. Gonakin da ke kusa da dajin Rugu sun yi shekaru ba sa nomuwa yadda aka saba. Ba mu manta da abin da ya faru a Tsauwa da Dankar a Fabrairu 2020 ba. Saurayin da ya tashi ya ga gonar ubansa ta gagara, ya ga abokinsa ya dawo daga wajen haƙar zinariya da sabon babur, wa'azi kaɗai ba zai zaunar da shi ba. Saboda haka ba mu zo mu zagi kowa ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Ba a san ƙasarmu da jed ba. Abin da aka san wannan yanki na Katsina da shi shi ne farar ƙasa, wadda ake haƙa a Kankara da kewaye. Nijeriya tana da duwatsu masu daraja, akwai shuɗin dutsen safaya a tsaunin Mambila, akwai tomalin a Oyo da Nasarawa, amma kowane dutse da irin ƙasar da take haifarsa. Yawancin koren da ake tsinta a rafi ƙanƙarar dutse ce, ko wani dutse mai laushi da akan yi sojan gona da shi a ce jed ne. Gwajin farko ba ya bukatar kuɗi. A sa bakin wuƙa a karce. In wuƙar ta ci shi har ya yi gari, ba jed ba ne. In ba ta ci ba, kada a yi saurin murna, domin ƙanƙara ma wuƙa ba ta cinta, sai dai jed ya fi ta nauyi a hannu. Haka mai ƙyallin nan da ake ɗauka zinariya ce: a buga da guduma. Zinariya lanƙwasawa take yi, wancan kuwa marmashewa yake.

Inda muke so iyaye mata su kasa kunne sosai shi ne nan. A 2010, a maƙwabtanmu Zamfara, ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, aka ga yara suna ta suma suna mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Da farko an ɗauka sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro. Da likitocin ƙungiyar MSF suka bincika, sai aka gano gubar dalma ce. Dutsen da ake ciro zinariya daga cikinsa yana ɗauke da dalma. Ana kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, ƙurar ta kwanta a tsakar gida. Jariri yana rarrafe, ya sa hannu a ƙasa ya kai baki. Yara aƙalla 400 suka rasu, da yawa daga waɗanda suka tsira kuma ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Dalma ba ta da wari, kuma babba yana iya yawo da ita a riga bai sani ba. To, kowane irin dutse maigida ko ɗa ya kawo, kada ya shiga turmin da ake daka hatsi, kada a daka shi inda yara ke wasa. Wanda ya dawo daga rami ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya ɗauki yaro.

Sai batun doka, a taƙaice. Bisa dokar ma'adinai ta 2007, duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, ko da a gonarka yake. Mai son haƙa yana bukatar izini, kuma ƙananan masu haƙa sun fi samunsa in sun haɗu sun yi ƙungiyar gama kai. A Zamfara an hana haƙa gaba ɗaya a Afrilu 2019 saboda rashin tsaro, ba a ɗage ba sai Disamba 2024. Wanda aka kama ba takarda, kayansa da guminsa sun tafi.

Masu bin rafi da damina kuma, ku tuna ruwan da zai ci mutum ba lalle a kansa ya sauka ba. Ana iya yin rana a nan, ruwan da aka yi a gabas ya taho cikin rafin ba sallama. Kada yaro ya tafi shi kaɗai, kada a bi gindin gaɓar da ruwa ya ƙwaƙule, kada kuma a nausa yamma wajen daji.

Ga abin da muke roƙon dattawa. Kowace ikilisiya ta ware mutum biyu amintattu waɗanda duk wanda ya tsinci wani abu zai fara nuna wa kafin ya yi magana da baƙo. In abin ya wuce gwajin wuƙa da guduma, sai a tara a ba ɗaya daga cikin ɗalibanmu da ke Zariya ya kai sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello ya nemi a duba. Kada wanda ya ba da ko sisi ga mai cewa zai saya. Mai saye shi ke biya.

Yaron da ya kawo dutsen nan ya yarda a gwada shi a gabanku, kuma mun yaba masa, domin ba kowa ne zai iya ba. Mun gwada a gida, wuƙa ta ci. Bayan an tashi, wanda yake so ya matso ya karce da hannunsa, wuƙar tana nan kusa da shi. Dattawa kuma su ɗan dakata, akwai maganar tunkiyar mahaifiyarsa.